Salka da Jarka: Wacce Ke Fid da Matafiyi Ranar da Ta Huje?

Baƙon da ya sauka Yelwa, ya ga kogin Kwara shimfiɗe a gindin gari, kwale-kwale na kai da kawowa, da wuya ya yarda cewa a ƙasar Yawuri ana tafiya da guzurin ruwa. Amma ana yi, kullum ta Allah. Kogi hanyarsa ɗaya ce, ƙasa kuwa faɗi gare ta. Manomin Shanga mai gona can kan tudu, da makiyayin da ke kora shanu tsakanin Ngaski da iyakar jihar Neja, da saurayin da ke tonon zinariya a dazukan Birnin Yawuri, duk wuni suke yi inda ba rijiya ba rafi. Ko masuncin da ke kwana a tunga, ruwa gabas ruwa yamma, ba ya son kurɓar na bakin gaɓa inda ake wanki, shanu na shiga suna fita. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutum wajen 44,000 daga tsibirai da bakin kogi, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa, mutanen da a da hannu kawai za su miƙa su ɗebi ruwa suka koyi ɗaukarsa. Ga shi tafkin madatsar ba ya zama wuri ɗaya. Daga bazara zuwa farkon damina yakan janye, ya bar fili mai nisa tsakanin gari da ruwa.

Abubuwa biyu ne suka fi yi wa matafiyi wannan hidima. Akwai salka ta fatar akuya, wadda ta yi zamani da fatake, akwai kuma jarkar roba, wadda yau ba gidan da babu ita. In farashi ake tambaya ko sauƙin samu, an daɗe da yanke hukunci, jarka ta ci. Tawa tambayar daban ce. Kana tsakiyar daji, rana ta take, sai ka ji danshi a gadon bayanka, ko ka waiwaya ka ga ɗigo na bin sawun jakinka. Wacce daga cikin biyun za ka iya cetowa da abin da ke hannunka?

Kada a raina ɗigo. Ɗigo 20 na ruwa sukan yi kusan mililita ɗaya. In huda na zubar da ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, cikin awa 10 an yi asarar kusan lita 2, kwana da wuni kuwa fiye da lita 4, wato galan guda. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yelwa ke taɓa digiri 40, wannan shi ne ruwan da mutum ɗaya zai sha ya wuni yana tafiya.

Mu fara da tsohuwa. Aikin salka tun daga wuƙar mai fiɗa yake somawa. Ba a tsaga cikin akuyar, ta wuya ake zare fatar ɗungum, don kada a bar wa ruwa dogon ɗinkin da zai bi. Majemi ya jeme ta da bagaruwa, a ɗaure ƙafafu ko a ɗinke su, wuya ya zama baki, sannan a shafe ta da mai. Ta babbar akuya takan ɗauki lita 20 zuwa 30. Halinta na farko da ke ruɗa wanda bai saba ba shi ne kullum tana naso. Sai ya ce ta lalace, alhali nason nan shi ne amfaninta. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin fata iska ke busarwa, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa ake rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko a ƙarƙashin cikin jaki. Da hunturu da bazara, da yake iska a bushe take, sanyin ya fi, da damina kuwa sai ya ragu. Sanyin ba kyauta ba ne, da ruwa ake biyansa. Salka na cin rabonta kowace rana, mai ita ya san da haka, kuma da shi yake lissafi.

Da irinta fatake suka yi ta ratsa ƙasar nan. A da Yawuri na kan ɗaya daga hanyoyin da ayarin goro ke bi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, su haye Kwara, su shiga Bargu, su nufi Salaga, tafiyar watanni. Da Turawa masu yawon bincike, Richard Lander da ƙanensa John, suka zo Birnin Yawuri a 1830 suna cigiyar takardun magabacinsu Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806, babban birni mai ganuwa suka tarar, mai kasuwa da baƙi. Madugu ba ya tada ayari sai ya san nisan ruwa na gaba, tsakanin zango da zango kuwa salka da gora ne abin dogaro. Mutanen da ke irin wannan tafiya ba za su riƙe kayan da sai an koma gari ake gyara shi ba.

Ga yadda gyaran yake. Naso bai ɗaya yake a jikin fata, huda kuwa wuri guda take taruwa, ruwa ya yi ƙwallo ya gangaro. In ƙaya ce ta soke ta, irin ta aduwa ko farar ƙaya, sau da yawa ƙayar ce maganin kanta: a karye ta a bar tsinin a ciki, ko a fiƙe ɗan tsinke a cusa. Icen zai sha ruwa ya kumbura, fatar ta kama shi tam. In hudar ta ɗan fi haka, sai a tattaro fatar wurin da yatsu, a murɗa, a ɗaure gindin da zare. Gwanaye sukan tura tsakuwa mai santsi ko ƙwallon dabino ta baki har ya kai wurin, su tattara fatar a kansa su ɗaure ta ƙasa, don kada ɗaurin ya zame. Duk wannan ana yin sa ruwan na ciki, ba a zubar da ko kurɓi. Ƙafafu ne inda salka ta fi yoyo, su kuwa warware ɗauri ne a sake sabo.

Sai in yagewa ta yi za a nemi basilla. A juye ruwan da ya rage zuwa ɗaya ɓarin, a yanko ƙyallen fata, ko daga bakin takalmi ne ko daga gidan wuƙa, a ɗora, a ɗinka da zaren fata ɗinki kusa-kusa, a bi kan ɗinkin da man kaɗe ko kitse ko kakin zuma. Man kaɗe dai ba ya wuya a Ngaski da Bargu. Abin da ya sa ɗinki ke riƙe ruwa, duk da cewa kowane sukar basilla sabuwar huda ce, shi ne fata tana kumbura in ta jiƙa. Ita da zaren duk su kumbura, su toshe ramukan da kansu. Da farko wurin zai yi ta tsiyaya, bayan ɗan lokaci ya koma naso, daga nan ya lafa. Wato ruwan da ake son tsarewa shi ke ƙarasa gyaran. Ba a bukatar wuta, ba a jiran wuri ya bushe, ba a sayen komai. Kayan aikin duk suna jikin matafiyi ko a bishiyar da ya fake.

Akwai kuma wani hali nata da nake ganin ya fi duk wannan daraja. Salka ba ta mutuwar farat ɗaya. Inda ta soma rauni yakan yi laushi, nasonsa ya ƙaru, mai ita ya gani tun da sauran lokaci.

To amma kada son tsohon abu ya rufe mana ido. Salka 'yar lallaɓa ce. In aka bar ta ba ruwa ta bushe ta ƙandare, sai ta tsage a inda ta naɗe, kuma kafin tafiya sai an jiƙa ta ta kwana. Ɓera na cinta, gara na cinta, kare ma in ya samu ba ya bari. Sabuwa takan ba da ruwa ja-ja mai ɗanɗanon bagaruwa da mai, wanda ɗan birni ba zai iya haɗiyewa ba. Cikinta ba a gani, ba a kuma iya cuɗa shi. Ba banza ba hadisai suka zo da umarnin a ɗaure bakin salka da dare, da hanin kafa baki a sha daga gare ta, domin ba a san abin da ya shige ba. In kuma fatar ta ruɓe, magana ta ƙare, ruɓaɓɓiyar fata ba ta riƙe ɗinki. Ga shi kafin a samu guda sai an haɗa akuya da majemi da baduku da kwanaki. Yau a kasuwannin bakin tafki sai an yi cigiya, an fi ganinta wurin Buzaye da makiyayan da ke gangarowa daga arewa da rani.

Jarka kuwa baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Asalinta ta ƙarfe ce mai lita 20, wadda Jamusawa suka ƙera wa sojojinsu a shekarun 1930 don ɗaukar mai. Ta robar da muka sani daga baya ta zo, kuma yawancin waɗanda ke hannun mutane, masu ruwan ɗorawa na lita 20 ko 25, na man girki ne da aka juye aka sayar da fanko. Dalilin cin kasuwarta a fili yake. Ba a jiƙa ta, ba a shafa mata mai, tana tsayawa da gindinta, tana da murfi, ana ɗaure ta a babur, in ta kwana shekara a ɗaki ɓera bai damu da ita ba. 'Yan garuwa ma sun daɗe da ajiye garwar kwano suka koma mata.

Ita ba ta naso, don haka duk danshin da aka gani a jikinta ciwo ne. Wuraren ciwon kuma sanannu ne: layin tsakiya inda ɓarin injin ƙira biyu suka haɗu, kusurwoyin gindi da ake ja a ƙasa, gindin mariƙi, da murfi. A babur ƙarfen kariya ke goge ta a hanyar burji har ya ci, wani lokacin salansa ta lashe ta. A kwale-kwale ƙusa ce ko ƙugiya. Babban makashinta dai rana. Hasken rana na cinye ƙarfin robar a hankali, launi ya koɗe, jiki ya yi gari-gari, abin da a da ke lanƙwasa ya koma mai karyewa. Irin wannan jarka ba ta gargaɗi. Lafiya lau za a cika ta da safe, babur ya faɗa rami ɗaya, ta dare daga kafaɗa zuwa gindi. Tsagar roba kuma tafiya take yi, ta ɗan yatsa yau, ta taƙi gobe.

Abin da kowa ke fara rarumowa shi ne gam, kuma nan ake asarar kuɗi. Robar jarka, wadda masana ke kira foliyetilin mai kauri, ita ce mai lamba 2 a cikin 'yar alamar kusurwa uku da ke gindi. Fuskarta santsi gare ta irin na kaki, gam ba ya samun wurin kamawa. Sufa gulu zai bushe a kai ya yi ƙyalli, a matsa jarkar sau ɗaya ya ɓare. Mai shakka ya dubi murfin sufa gulun kansa, da dangin wannan roba ake yin sa, don kada gam ya kama shi. Araldite takan ɗan daɗe in an kankare wurin, amma ita ƙanƙara take yi, jarka kuwa motsi take, ƙarshenta rabuwa. Sholishon mai faci na robar taya ne, ba ruwansa da wannan.

Gyaran jarka na gaskiya wuta ce. Masu liƙin roba da ke zaga kasuwa da kaskon gawayi da guntun zarto sun san sirrin, ko da ba su san sunan robar ba. Tana narkewa a wajen digiri 130, zafin da wuƙar da aka ɗora kan garwashi ke wucewa nan da nan. Za a wanke wurin a kawar da maiƙo, a kankare shi, a tabbatar ya bushe. In tsaga ce, a soka ƙusa mai zafi a ƙarshenta biyu, ramin nan shi ke tsayar da tafiyarta. Sannan a yanko siririn yanki daga wata matacciyar jarka, a narka shi tare da leɓɓan tsagar har su zama abu ɗaya, a shafe da bayan wuƙa. Sharuɗɗa biyu ne mutane ke karyawa. Na farko, yankin ya zama na jarka 'yar'uwarta. Robar kujera da ta wasu bokitai mai lamba 5 ce, zafin narkewarta ya fi, kuma ba ta auruwa da wannan, sai dai ta zauna a kai kafin ta ɓalle. Na biyu, narkarwa ake yi, ba ƙonawa ba. Masu kunna leda su ɗiga baƙin ɗigonta a kan huda ɓawo kawai suke yi, ƙasan bai narke ba, kuma ƙonanniyar roba gautsi gare ta. Liƙin da aka yi daidai yakan kai jarka ƙarshen rayuwarta. In an gama, a rufe murfi a danna ta cikin ruwa a duba kumfa, yadda mai faci ke gwada tiyub.

Wannan duk a kasuwar Yelwa ko ta Wara sauƙi ne, kuɗin liƙi bai kai na sabuwa ba. A daji fa? Nan matsalar take. Liƙi na son busasshen wuri, kai kuwa ruwan da ke ciki shi ne dukiyarka, ba ka da inda za ka juye shi. In ruwa na taɓa bangon ta ciki, shanye zafin yake yi, robar ba za ta narke yadda ake so ba. Dabarar ita ce a kwantar da jarkar yadda hudar za ta koma sama, ruwa ya sauka ƙasa da ita, a goge, a jira ta bushe, sannan a liƙa. Wannan na yiwuwa in an riga an sha wani abu daga ciki. In cike take, sai ka zaɓi wanda za ka zubar ko ka shanye. Bayan haka kana bukatar wuta, da ƙarfe, da yankin roba irin nata, wanda ba ya tsirowa a bishiya. A cikin jirgin inji kuwa, inda jarkokin fetur ke jere kusa da kai, hura wuta ba abin da mai hankali zai fara ba ne.

Saura dabarun kai-ni-gida. Mafi sauƙi, a juya hudar ta kalli sama a ɗaure jarkar a haka. Sabulu da cingam sukan toshe ƙaramar huda, amma liƙinsu kamar rancen hatsin maƙwabci ne, yana kai ka gobe, ba ya kai ka kaka. Hudar ƙusa takan karɓi fiƙaƙƙen tsinke da aka naɗe da leda, sai dai a nan icen kaɗai ke kumbura, robar ba ta taimaka masa, in aka matsa da ƙarfi ma ta tsage. Wadda ta fi duka ita ce a ninka leda a ɗora kan wurin, a naɗe jarkar da dogon yankin tiyub, a ja shi sosai. Yoyon murfi kuwa leda ce a shimfiɗa a baki a murɗa murfin a kai. Akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba: in murfi ya rufu ruf, ƙaramar huda takan rage zuba, domin iska ba ta samun shiga ta maye gurbin ruwan. Amma da rana ta bugi jarkar, iskar ciki ta kumbura, sai ta riƙa tunkuɗo ruwan waje. Don haka jarka mai ciwo a lulluɓe ta.

Wani abin dariya shi ne Turawa masu yawon duwatsu sun zagayo sun dawo kan salka. A 1989 wani ma'aikacin agajin gaggawa a Amurka, Michael Eidson, zai shiga tseren keke na mil 100 a zafin Teksas, sai ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti, ya zura ta cikin safa, ya maƙala a bayansa, ya jawo bututun zuwa baki. Daga nan kamfanin CamelBak ya samo asali, yau har sojoji na goya irin wannan jaka. Siffarta ta salka ce, tana lafewa a baya, tana motsewa in an sha. Halinta kuwa na jarka ne. Ba ta ɗinkuwa, ba ta kumbura, facinta sai an juye ruwa an busar da wuri an manna tef na musamman, in kuma a haɗin gefe ta ɓalle, da wuya facin ya riƙe. Makiyayan Nijar sun fi su dabara a ganina. Tsohon tiyub na babbar mota suke yankewa, su ɗaure bakin biyu, su rataya wa jaki. In ya huje kowane mai faci zai gyara, a daji kuma ɗauri ya isa. Warin roba ne kawai sai an daure.

In aka bar maganar gyara aka dubi irin tafiyar, kowace da filinta, sai dai filin jarka ya fi faɗi. A ruwa babu gardama. Salka ba ta da wurin zama a cikin kwale-kwale, tsakanin ƙugiyoyi da ƙayar kifi da ruwan da ake kwarfewa. Jarka kuwa ko ta faɗa kogi tana yawo a sama, masunta ma da fankonta suke alamar inda suka zuba taru. Sai dai a nan ina da jan kunne. Ana yawan cewa ai in jirgi ya kife jarka ta isa. Jarka santsi gare ta, tana kuɓucewa, murfinta na iya fita, kuma hannun da ya gaji sakinta yake yi. Haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa ya koya mana cewa rigar ruwa ba ta da madadi. A babur ma jarka ce, in an sa mata tsumma ko kwali tsakaninta da ƙarfe.

Amma ga mai tafiya a ƙasa, ko mai jaki da raƙumi, salka ta fi ta nesa ba kusa ba. Lita 25 kilo 25 ne, a cikin abu mai kusurwa da ke gurje bayan dabba da kafaɗar mutum. In ta yi rabi sai ruwan ya riƙa tambal-tambal yana jan mai ɗauka hagu da dama, in ta ƙare girmanta na nan yadda yake. Salka lafewa take a jiki, tana raguwa tare da ruwanta, in ta ƙare a naɗe a sa a jaka. Ga ruwan jarka da azahar, sai ka ce an ɗora shi a murhu. Direbobin manyan motoci da makiyaya sukan ɗinke jarka cikin buhun algarara su riƙa jiƙa shi, don su samu sanyin da salka ke bayarwa. Dabara ce mai kyau, buhun na kuma kare robar daga rana da gurzuwa. Amma yakan ɓoye yoyo, domin buhun dama a jiƙe yake, sai an ɗaga an ji ta yi sauƙi.

Wajen tsabta kowace da laifinta, amma na jarka ya fi ban tsoro. Bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, cikinta kan yi kore, sai an zuba tsakuwa da sabulu an girgiza. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ba ka san abin da ta taɓa ɗauka ba. Robar na shan fetur da maganin feshi, wanki ba ya fitar da su duka. A ƙasar noman albasa da shinkafa irin tamu, inda galan-galan na maganin ciyawa ke yashe a kowace gona, na sha ganin yara da ruwan sha a cikinsu. Wannan guba ce, a huda gindin irin waɗannan galan a jefar. Salka duk ɗanɗanonta ba a taɓa zuba mata fetur ba. Kuma ko wacce aka ɗauka, ba ta gyara ruwan da aka zuba mata. Na bakin gaɓa in ba a tafasa ko an sa masa magani ba, amai da gudawa ba ya tambayar a cikin me aka ɗauko shi.

Hukuncina dai ga shi. A kan tambayar da na yi, ta gyara a tsakiyar hanya, salka ce ta ci, kuma da rata mai yawa. Ita tana gyaruwa da ruwanta a ciki, da kayan daji, jarka kuwa sai wuta da busasshen wuri da 'yar'uwarta. Duk da haka ba zan ce wa mai babur ko mai kwale-kwale ya koma neman majemi ba, ba zai yi ba, kuma bai kamata ba. Abin da ya kamata shi ne ya san raunin abin da ya ɗauka. Jarka biyu masu lita 10 sun fi guda mai lita 20, domin in ɗaya ta huje akwai inda za a juye, in ta dare gaba ɗaya rabi ya tsira. Ya ajiye dogon yankin tiyub da guntun tsohuwar jarka da ashana a ƙarƙashin kujerar babur, ba su da nauyi, ba su da tsada. Jarkar da ta koɗe ta fara gari kuwa a bar ta a gida ta yi aikin wanki, kada a fita daji da ita ko an liƙe.

Makiyayin da ke da salka kuma yana bin dabba a ƙasa, kada ya yar da ita don ganin kowa na riƙe da roba. In akwai dattijo a gidanku ko a rugarku da ya iya jeme ta da ɗinkinta, ku aika masa yaro ya zauna ya koya.